Gayyar Gizo da Tulun Tsamiya

"To ku zauna, kowa ya tattara ƙafarsa. Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata shekara damina ta yi kyau, geron Gizo ya fito ya yi shar. Ciyawa ma ta fito tare da shi, har ta fi shi sauri. Gizo kuwa kun san halinsa, shi da fartanya ba sa ga maciji. Matarsa Ƙoƙi ta leƙa gonar, ta dawo ta ce, "Maigida, in ba a nome gonar nan da wuri ba, bana ba mu da abin zubawa a rumbu."

Gizo ya ce, "Ai don haka Allah ya yi maƙwabta."

Ya tashi ya kira gayya. Gyado ya ce zai zo, Kurege ya ce yana tafe, Bushiya ta ce ita ma a sa da ita. Ita gayya, yara, aikin zumunci ne. Jama'a su zo su yi maka noma da guminsu, kai kuma hakkinsu a kanka shi ne idan rana ta take ka jiƙa musu maƙogwaro da abin kirki.

Tun da sassafe Ƙoƙi ta jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, ta bar ta ta yi laushi, sannan ta sa hannu ta dama, ta tace da rariya. Ta daka goruba ta jiƙa daban, ta tace ruwan a kai. Ta daka citta da kanumfari ta zuba. Ta matse lemun tsami tana tsince 'ya'yan, don ɗa guda in ya fashe a ciki sai ya sa wa tulu duka ɗaci. Sai ta ɗauko zumar da ta daɗe tana ɓoyo a bayan tukunyar daddawa, inda ta san hancin Gizo ba ya zuwa, ta juye ta kaf, ta juya da ludayi. Na'a-na'a kuwa ba a dafa ta, ku riƙe wannan. Murza ganyen ake yi a tafin hannu a watsa a sama. Ta zuba komai a sabon tulu, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a inuwa kan yashi inda iska ke bi. Kafin rana ta yi tsaka ya yi sanyi ƙarara.

Ita tana da dakan tuwon 'yan gayya a gabanta, sai ta kira Gizo ta ɗora masa tulun a ka, ta ba shi moɗa.

Ta ce, "Ga shi nan cike har wuya. Yadda na ba ka, haka za ka kai."

Ya ce, "Haba Ƙoƙi, ni yaro ne?"

Ta ce, "Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Gizo ya kama hanya, ƙamshi na sauka daga kansa yana shiga hancinsa. Da ya iso bakin rijiya sai ya tsaya ya ce, "Ba mutunci ba ne mutum ya ba baƙi abin da bai ɗanɗana ba." Ya sauke, ya ɗebi moɗa ya sha don ya ji tsamiya. Ya ƙara don ya ji zuma. Citta ba ta fito sosai ba, ya bi ta da wata moɗar. Da ya leƙa sai ya ga ruwa ya bar wuyan tulu ya yi ƙasa. Ya ja guga ya cike gurbin. Ganyen na'a-na'a ya taso ya koma sama ya zauna abinsa. Gizo ya shinshina ya ce, "Ƙamshi na nan. Ba abin da ya faru."

Ya ɗauka ya yi gaba. Da ya iso rafi ya ce, "Anya ruwan rijiyar nan bai rage masa ƙarfi ba? Dole a bincika." Ya sauke ya yi ta bincike har tulu ya koma rabi. Ya cike da ruwan rafi. Ganye ya taso, ya shinshina ya ce, "Ƙamshi na nan."

Ya ɗauka ya yi gaba. Gab da gona akwai kududdufin da shanu ke sha. Nan ma ya sauke, wannan karon bai ma nemi dalili ba, ya kafa kai. Da ya gama ya shiga ɗibar ruwan kududdufi yana ɗurawa. Kwaɗo ya ɗago kai ya ce, "Malam Gizo, lafiya kake kwashe mini ɗaki?"

Gizo ya ce, "Aro ne."

Kwaɗo ya ce, "Na 'yan gayya ne?"

Gizo ya ce, "Kai da ba a gayyace ka ba, ina ruwanka?"

Ya isa gona yana tafiya cikinsa na ƙugi. 'Yan gayya sun fara daga bakin hanya, gumi ya wanke su, harshe ya bushe. Suka ajiye fartanya suka zo inuwa. Gyado ne babba, shi aka fara miƙa wa moɗa. Ya kurɓa, ya dubi sama, ya haɗiye. Ya ce, "Madalla."

Kurege ya karɓa ya kurɓa, ya daɗe yana neman abin faɗa, can ya ce, "Sanyi dai akwai."

Bushiya ta ɗiba, ta dubi cikin moɗar, ta sa yatsa ta tsamo wani ɗan mitsitsin kwaɗo, ta ajiye shi a ƙasa a hankali. Ta ce, "Malam Gizo, wannan ma cikin kayan haɗin yake?"

Gizo ya ce, "Ƙoƙi ce ta haɗa. Ni ɗauka kawai na yi."

To, a al'ada ba a kushe abin da mai gayya ya kawo a gaban idonsa. Saboda haka ba wanda ya kushe. Gyado ya goge baki ya ce, "Mun gode. Allah ya saka maka da kwatankwacinsa."

Gizo ya ce, "Amin."

Suka koma aiki. Shi kuwa nauyin ciki ya kwantar da shi a gindin bishiya, barci ya yi gaba da shi. Bai farka ba sai la'asar. Ya tsaya a bakin hanya ya hango gona fes, ba ko tsinken ciyawa. Ya yi ta sa musu albarka, Ƙoƙi ta kawo tuwo suka ci, kowa ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida.

Bayan 'yan kwanaki Ƙoƙi ta je tsinkar yakuwa. Ta ratsa kunyoyin bakin hanya, tana shiga ciki sai ciyawa ta haɗiye ta har wuya. Gero ya yi rawaya, ya rame, ya sunkuyar da kai. Ta zagaya ko'ina, gefe-gefe kawai aka nome, tsakiya ko fartanya ɗaya ba a sara ba. Ta zauna a nan ta yi kuka. Ni wallahi duk tatsuniyar nan ita kaɗai ke ba ni tausayi, ga wahala ta sha, ga zumarta ta tafi a cikin mutum ɗaya.

Gizo ya ji labari, ya tafi gidan Gyado yana huci.

Ya ce, "Gyado, wane irin noma kuka yi mini?"

Gyado ya ce, "Ka tsaya a bakin hanya ka duba?"

"Na duba."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi."

Gyado ya ce, "To mu ma da muka leƙa bakin tulu, ganye ya yi kyau. Iyakar inda tsamiya ta kai a ruwan nan, nan fartanya ta kai a gonarka."

Gizo ya sassauta murya ya ce, "To a sake wata gayyar mana."

Gyado ya ce, "Yanzu kowa na kan tasa gonar. Ka gaida Ƙoƙi."

Da kaka ta yi, abin da Gizo ya girba bai isa a kira jaki ba. Ƙoƙi ce ta rungumo shi a hammata ta kawo gida, ko murfin rumbu ba a ɗaga ba. Shekarar nan mutanen gari sun sha ziyarar Gizo, kullum kuma sai daidai lokacin da aka sauke tukunya.

Kun dai ji. Wanda ya ba ka guminsa, kada ka ha'ince shi a abin da za ka ba shi. Shirun da ya yi maka ba rashin sani ba ne, kunya ce, kuma abin da ka zuba a tulu shi za ka tarar a gonarka.

Ƙungurus kan kusu. In da ƙarya a ciki, tana wuyan Gizo.