Tsakuwar Dagaci

Tabawa ta kwaso tsakuwa a rafi ta yi daɓen ɗakinta, sai Dagaci Barmo ya aika aka kirawo ta.

Ya ce, "Dutsen bayan gari gadona ne. Tsakuwa kuwa ɓarɓashinsa ce, ruwa ya gangaro da ita. Ki farfasa daɓen, ki mayar da kowace ƙwaya gurbin da ta ɓalle."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe duk inda tsakuwa ta je taka ce?"

"Ko a bangon duniya."

"Dokarka kuma tana nan, cewa wanda dukiyarsa ta shiga gonar wani, shi zai je ya fitar da abarsa?"

"Tana nan daram."

"To, madalla. Dukiyarka ta cika gonata, har ta cinye mini bakin fartanya. A zo a tsince ta kafin shuka, ni kuma in farfasa daɓe."

Manoman da ke zaune suka fara cewa, "Tawa ma, ranka ya daɗe."

Dagaci ya yi gyaran murya ya ce, "Tsakuwa ta Allah ce. Tashi ki tafi."

Duk da haka, a shekarar nan duk wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa sai ya kai wa Dagaci abarsa har ƙofar gida.