Gyartai da Lomar 'Yarsa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don na san bakinku, kafin la'asar kun kai wa danginsu. Sunansa Nomau. Gyartai ne, mai ɗinke ƙwarya in ta tsage. Bai mallaki komai ba sai basillarsa da 'yar gona a bayan gari, sai 'yarsa guda, Tasalla, wadda uwarta ta rasu tana rarrafe. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, shi ya sa ba ya ce mata komai sai "Uwata".

Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Allah ya tashe ta, amma hannun dama ya saki, yatsun suka dunƙule. Hagu kuwa lafiya lau. To, wa zai bar 'ya mace ta ci tuwo da hagu a ga idon mutane? Sai yayar Nomau, Yalwa, ta baro ɗakin mijinta a wani gari mai nisa ta zo jinya. Mace ce mai tausayi, ban ce ba ta da shi ba. Ita ce ba ta loma a baki, ita ce wanka, ita ce ɗaura zani. Hagu an hana shi, dama an ji tausayinsa, hannu biyu suka zama na ado. Sa'o'inta suna rububin akushi, Tasalla tana gefe ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Da mijin Yalwa ya aiko ta dawo, sai ta ce, "Nomau, da 'yata zan tafi. Namiji ya san rainon nakasasshe? Yunwa za ta kashe ta a hannunka."

Kun sani, in gwaggo ta ce za ta riƙe 'ya, ƙane ba ya ja. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ita kaɗai gare ni. Ki ba ni zuwa kaka. In an kai dawa rumbu ba ta kai loma bakinta da damanta ba, ki ɗauke ta, ba zan ce uffan ba."

Ta ce, "Gyaran ƙwarya ka iya. Mu gani." Ta koma gidan mijinta.

To ku saurara. Ke mai gyangyaɗi a bayan ginshiƙi, da ke ma nake.

Bawan Allah nan bai je gun boka ba, bai sayar da gona ba. Da safe ya jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ya shafa man kaɗe, ya miƙar da yatsun a hankali. Sai ya cika ƙwarya da gero ya binne gyaɗa a ciki, ya ce, "Uwata, abin da damanki ya tono naki ne." Ya kwaɓa mata yumɓu ta yi ta matsawa. Ya ba ta ɓawon gyaɗa ta murƙushe, ya ba ta audugar rimi ta ji laushi, ya ba ta tsakuwa ta ji kaushi. In ruwa ya ɗauke ya bar ta ta dama taɓo har gwiwar hannu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne lokacin tuwo. Ya ajiye mata akushi, ya zauna a kan tafukansa. Wallahi a kan hannuwansa yake zama, don ya san in ya sake su za su kai mata. Ta gutsuro, ya faɗi. Ta gutsuro, ya faɗi. Miyar kuka har gira. Tana kuka tana cewa, "Baba ka ba ni, Gwaggo ba ni take yi." Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Sake dai, Uwata. Sake." Sai ta gwada iyakar ƙarfinta, sannan ya ba ta sauran, don bai taɓa barinta da yunwa ba.

Amma wa ya ga wannan? Maƙwabta kukan kaɗai suke ji ta kan danga. A bakin rijiya aka ce Nomau yana horar da marainiya da yunwa. Kafin maganar ta isa kasuwa an ce ɗaure ta yake yi. Ni dai ban san inda mata suke samo irin wannan baki ba! Har aka daina kai masa ƙwarya. Wata ta tare shi a hanya ta ce, "Ka ji tsoron Allah, Nomau." Ya ce, "Shi nake ji, Inna. Ranar da aka kai ni kushewa, aka kai Yaya, wa zai ba ta a baki?" Ya wuce abinsa.

Kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu. Yalwa ta iso da ƙullin kayanta, labari ya riga ya kai mata har da ƙari. Aka yi dace ana suna a gidan maƙwabcinsu, ta ce ba sai an je ko'ina ba, a nan za a gani, gaban mata.

Maza suna zaure, mata suna cikin gida. Nomau ba shi da ikon shiga. Sai ga shi, dattijo da gemunsa, ya zagaya bayan zana, ya sa ido a ɓula yana leƙen mata kamar mara kunya. Allah ya rufa asiri, amma haka aka yi.

Aka ajiye tuwo. Yalwa ta yi bisimilla ta gutsuro, hannunta ya nufi bakin yarinyar yadda ya saba. Tasalla ta kau da kai ta ce, "Bari, Gwaggo, ni da kaina."

Mata suka zuba ido. Ta ɗago dama yana rawa, ta gutsuro tuwo, ta dangwala miya. Loma ta kuɓuce, tim, a kan sabon zanin Yalwa. Wata ta yi ƙasa-ƙasa ta ce, "Ai dama." Nomau a bayan zana ya damƙe kara har ya soke shi. Yarinyar ba ta dubi kowa ba. Ta sake gutsurowa, ta tara yatsun nan, ta mulmula, ta kai baki. Ta haɗiye. Ta sake wata.

Yalwa ta dubi zaninta, ta dubi yarinyar, sai hawaye. Ta ce, "Shi ke nan, ni kuma wa zan ba?"

Tasalla ta mulmula wata loma, karkatacciya, duk miya na bin gwiwar hannu, ta miƙa mata. Yalwa ta buɗe baki ta karɓa. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Kai na bayan zana, na ga ƙafarka tun ɗazu. Je ka, 'yarka ta zauna."

Kun ji. Tausayi iri biyu ne, jama'a: akwai mai kashe hannun yaro, akwai mai raya shi. Ke da kike fizge buta don zai zubar da ruwa, ke da kike sa masa takalmi don kina sauri, ke da kike dukansa don ya taɓa ƙasa, hannunsa kike ci masa ba ki sani ba. Ki bar shi ya ɓata rigar, sabulu bai ƙare a duniya ba. Ki zauna kusa, ki nuna masa, ki danne hannunki, ki ce ya sake. Ba kullum za ki kasance a tsakar gidan nan ba, hannunsa kuwa da shi zai tsufa. Allah ya ba mu haƙurin Nomau, ya raya mana zuri'a.