Ranar da Kofur Tanimu Ya Ƙi Kwanciya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Kofur Tanimu. Tsohon soja ne. Ya je fagen daga ya dawo, harsashi ko ƙwarzanarsa bai yi ba. Ciwo ne ya raba shi da kaki. Likitan bariki ya ce ciwon jijiyoyi ne, daga ƙwaƙwalwa da laka yake tasowa, ba ya warkewa, sai dai ya zo ya tafi. Yau ƙafa ta yi nauyi sai an ja ta, ido ya yi dishi-dishi, hannu ya kasa riƙe moɗa. Jibi ka gan shi garau, yana taku kamar a fareti. Zafin rana kuwa shi ke tayar masa da shi.

To, kun san mu da baki. Aka fara cewa, "Wane irin ciwo ne wannan mai tafiya hutu?"

A garin, idan damina ta kankama, ana yi wa marasa lafiya gayya. Sarkin Noma Jibo ke zagayawa ya ga wanda ya cancanta. Shekarar nan Kofur ya daɗe a kwance, ciyawa ta shaƙe masa gero, abincin gidansa na shekara ke nan. Ku saurara, jama'a. Ranar da Sarkin Noma zai zo, ranar Kofur ya farka lafiya lau.

Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, don girman Allah koma ka kwanta. Ai ciwon yana nan. Kai dai yi shiru, ni zan yi magana."

Ya ce, "Lantana, Allah Ya ba ni lafiya yau, in kwanta in nuna bai ba ni ba?"

"To ko sandar ka riƙe mana."

"Sandar ta ranar ciwo ce."

Ya fita ya tarbi baƙonsa a tsaye, ya yi masa bayanin ciwon tsakaninsa da Allah. Sarkin Noma ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kofur, ai ka fi ni ƙwari." Ya wuce abinsa. Lantana ta shiga ɗaki ta sha kuka, shi ma Kofur abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Washegari aka yi shela, duk mai lafiya ya fito gayya gonar wani makaho. Kofur ya saɓi fartanya. Lantana ta ce, "Taka gonar fa?" Ya ce, "An ce duk mai lafiya. Yau ina cikinsu."

Ya kama kunya yana noma cikin mutane. Da rana ta take, sai ciwon ya sauko a gaban kowa. Fartanya ta suɓuce, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ya miƙa hannu yana lalube, ya zube tsakanin kunyoyi. Sarkin Noma da kansa ya goya shi zuwa inuwa.

Ya ce, "Kofur, jiya da a kwance na same ka, da yau muna gonarka. Me ya hana ka?"

Ya ce, "Sarki, jiya lafiyata ƙalau."

Shi ke nan amsar. Kunya ta rufe Sarkin Noma. Suna gama gonar makaho ya juya mutane gonar Kofur, ba su tashi ba sai da suka gama ta tas.

Jama'a, gaskiya ba a baki kaɗai take ba. Ana yin ƙarya da kwanciya, ana yi da ɗingishi, ana yi da shiru. Mu nawa ne a nan muke ɓoye ni'imar da aka yi mana don a tausaya mana? Mu nawa muka ƙaryata mara lafiya don mun gan shi yana dariya jiya? Wanda aka ba lafiya yau, ya nuna ta, ya yi aiki da ita. Wanda ya ce maka ba shi da ita, ka yarda da shi, kada ka jira sai ya faɗi a gabanka. Allah Ya sa mu gyara.