Yadda Kadangare Ya Samo Jan Kai

"Ga ta nan, ga ta nanku, na baya ku matso."

"Ta zo mu ji ta, mun matso."

Wai Damo ne ke sarauta a Gindin Kuka, sai Shirwa ta ɗaura masa yaƙi. Damo ya tara fadawa, ya raba musu jan rawani. Ya ce, "Duk mai tare da ni, in gani a kansa."

Kowa ya naɗa. Kadangare kuwa, sarkin iyayi, ya ga rawani ya yi masa kaɗan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ake kwancewa ai ba biyayya ba ne." Ya zarce wurin dukawa masu rina fata, ya tsoma kansa tsundum a ruwan karan dafi. Ya fito ja wur.

Tsohuwa Hawainiya, wadda ta ga jiya ta ga yau, ta ce, "Ƙanena, rawani don a kwance shi ake naɗa shi."

Ya ce, "Yaya, ke dai munafuka ce."

Ta ce, "Da munafuncin na tsufa."

Shirwa ta kawo hari, ta ce duk mai jan kai kalacinta ne. Nan da nan rawuna suka koma ƙarƙashin tabarma. Saura Kadangare, kai kamar garwashi.

Ya ruga wurin Kwaɗo a bakin tafki. "Wanke ni." Kwaɗo ya cuɗa, ya cuɗa, ya ce, "Aikin dukawa ne, ba ya fita."

Ya ruga wurin Hawainiya. "Yaya, koya mini rikiɗa." Ita kuwa tuni ta koma launin Shirwa. Ta ce, "Bawan Allah, daga wane gari?"

Ya ruga ramin da Sarki ya ɓuya. "Ranka ya daɗe, bawanka ne, matsa mini."

Damo ya leƙo da ido ɗaya. Ya ce, "Da wannan kan? Tun daga sama ake hango shi, za ka tona mini asiri. In kana ƙaunata, je ka ƙaunace ni daga nesa." Ya toshe ramin.

Wallahi har ni mai ba ku labarin na tausaya masa, ko da yake shi ya ja wa kansa. Shi ya sa har yau za ku gan shi bisa katanga, ya dubi sama, ya faɗi gaisuwa, ya sake faɗuwa. Kowa ya gitta, ranka ya daɗe, don bai san mai ci yanzu ba.

Ku bi sarki da rawani, amma ku bar kanku yadda Allah ya yi shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda bai yarda ba, gobe ya duba katanga.