Zare Naka Mu Gani, Manaja

Akwai wata mata da ke kula da kwamfutocin wani ɗakin gwajin jini. Kowa Injiniya yake ce mata, ban da Manaja, wanda "ke" kawai yake kiranta.

Babbar kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da wurin. Wata manhaja ce ke raba ta gida huɗu, kowane gida yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta: na rajista, na sakamakon gwaji, da sauransu. Da lasisin manhajar ya kusa ƙarewa, Likita mai wurin ya ce a nemo wata ta kyauta.

Injiniya ta yi wata biyu tana gwada guda uku a gida, kan tsofaffin kwamfutocin da ta jera a bayan keken ɗinkin surukarta. Ta rubuto rahoto shafi shida.

Manaja bai wuce shafin farko ba. A gaban ma'aikata ya ɗora kofin shayinsa a kai.

"Ke, nan ba ɗakin surukarki ba ne. Na riga na zaɓa. Abokina ya nuna min wata, minti goma na ɗora ta. Ki ga kyan fuskarta!"

"Ranka ya daɗe, ina take ajiye kwafin bayanai?"

"Tana ɗaukar hoton komai kullum. Ke dai ki iya sa wa firinta takarda."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa mai sa hannu a takardar hutu. Washegari Manaja ya rubuta wa Likita cewa wurin ba ya bukatar injiniya kuma.

Likita tsoho ne mai jinkirin magana. Ya kira su biyun, ya ce kowa ya nuna nasa kafin ya sa hannu a takardar sallamar Injiniya.

Manaja ya yi rabin awa yana nuna launuka da jadawali. Injiniya ba ta nuna komai ba. Ta durƙusa bayan kwamfutar gwajinta, ta zare faifan ajiya tana cikin aiki. Allo ya mutu. Ta sa sabon faifai, ta jawo kwafi daga wata na'ura da ke ɗakin gaba. Kafin shayin Likita ya huce, sunayen marasa lafiya sun dawo, ba wanda ya ɓata.

Ta miƙe ta kaɗe gwiwarta.

"Bismillah, Manaja. Zare naka."

"Haba, wannan ai wasan yara ne."

"Zare mana," in ji Likita.

Manaja ya kai hannu, ya tsaya. Hotunan da yake taƙama da su duk a kan faifan nan ɗaya suke. In ya mutu, tare za a binne su. Mai ajiye makullin safaya a cikin motar da ya kulle ke nan.

"Sakamakon mutum dubu nawa ka so ka ɗora a kan abin da kake tsoron taɓawa?" Likita ya tambaya. Ya yage takardar sallamar, ya ce daga yau duk abin da ke da waya a wurin nan, sai da sa hannun Injiniya.

Darasi: Kyauta ba ta hana gwaji, muƙami kuma ba ya zama ilimi. Kada ka amince da abin da ba ka taɓa ganin ya faɗi ya tashi ba, kada ka raina wanda ya zauna ya gwada. Ku tura wa duk wanda ake taka aikinsa a ofis.