Tagar Da Mai Yadi Ya Toshe

Akwai wani mai sayar da yadi, mutum ne mai baki kamar reza, kowa a layinsu Mai Yadi yake ce masa. Shi da ƙaninsa Auta, direban motar haya, suka gaji gidan mahaifinsu. Aka ja katanga a tsakiya, Mai Yadi ya ɗauki ɓangaren da ya fi faɗi, Auta ya ce ba komai.

Banɗakin Auta taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama can sama, tana kallon tsakar gidan yayansa. Ta nan tururin wanka ke fita.

Ana nan sai Mai Yadi ya ce kaya sun yi masa yawa a shago, zai gina sito a gida. Duk faɗin filin nan bai ga inda ya yi masa ba sai jikin banɗakin ƙaninsa. Magini ya nuna masa tagar, Mai Yadi ya ce ya jera bulo ya rufe ta.

Auta ya zagayo ya gaida shi, ya roƙe shi ya matsa da ginin ko taku ɗaya ne, don iska ta samu hanya.

Mai Yadi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Filina ne ko naka? In iska kake so, ka buɗe gilashin motarka."

Magini da masu kwaɓa suminti suka yi dariya. Auta ya juya ya koma gida.

Kafin damina ta raba tsakiya, banɗakin ya canza. Da farko ɗigo-ɗigo ne baƙi a layin da ke tsakanin tayil. Daga nan fumfuna ta hau kusurwar silin, ta bi bayan ƙofa, har ta kama labule. In ka shiga, warin danshi ne zai fara yi maka maraba. Tawul ba ya bushewa.

Matar Auta mace ce mai tsafta, wadda ko cokali ba ya kwana a wurin wanke-wankenta. Kullum tana durƙushe da buroshi tana gurza. Ta wanke yau, bayan 'yan kwanaki baƙin ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Sai 'yarsu ƙarama ta fara tari, ƙirjinta na ƙara in tana numfashi. Likita ya tambaya ko akwai danshi a gidan, ya ce muddin ba a rabu da shi ba, magani zai yi ta ƙarewa ne tarin yana nan.

Auta ya kai ƙara wurin Baffansu, ƙanin mahaifinsu. Baffa ya tara su a falonsa har da matansu. Auta ya yi bayani a nutse, ya ce ba rushe sito yake nema ba, a bar masa kafa kawai a sama.

Mai Yadi bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya ce shi ma yana da banɗaki, me ya sa nasa bai yi baƙi ba? Ya nuna matar ƙaninsa da baki ya ce, "Baffa, a daina kewaye-kewaye. Ƙazama ya aura. Ta koyi wanke banɗaki, a bar min sitona."

Matar Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan mayafinta. Baffa ya yi faɗa, amma Mai Yadi ya riga ya sa takalmi ya fice.

Maganar ba ta tsaya a falon ba. Matar Mai Yadi ta kai ta maƙwabta, ta ƙara mata gishiri. Ta hana 'ya'yanta cin abincin gidan Auta, wai kada su kwaso cuta. In matar Auta ta fita shanya, sai ta ji ana tsaki ta bayan katanga.

Wata rana Auta ya dawo ya tarar da yarinyar tana tari har da amai. Ya buɗe but ɗin motarsa ya ɗauko guduma, ya nufi gidan yayansa. Matarsa ta tare ƙofa.

Ta ce, "In ka fasa masa gini, gobe kai ne mai laifi, ni kuma ina nan a ƙazamata. Bangonmu za ka fasa, ba nasa ba."

Haka aka yi. Suka fasa sabuwar kafa a bangon da ke kallon lungu, suka sa raga da 'yar fanka mai zuƙo iska waje. Suka yar da labulen. Ta sa safar hannu da takunkumi, ta fesa ruwan khal, wato binega, a duk inda ya yi baƙi, ta bar shi ya jiƙa sosai kafin ta gurza. Ba ta haɗa shi da bilic na wanki ba, don mai shagon da ta saya a wurinsa ya gargaɗe ta cewa hayaƙin haɗin yana da illa.

Sannan ta kafa doka a gidan. Duk wanda ya yi wanka ya janye ruwan ƙasa, ya goge bango, ya bar ƙofa a buɗe, tawul kuma a kai shi rana. Auta ma bai tsira ba, sau da yawa daga bakin mota ake dawo da shi ya goge bango.

Banɗaki ya bushe, tarin yarinya ya ragu. Wuri ɗaya ne kawai ya ƙi: ƙasan bangon da ke manne da siton. Ko sun yi tafiya sun bar gidan a kulle, in sun dawo sai su tarar da shi a jiƙe.

Auta ya san famfonsa ba ta nan ya bi ba. Bututun tankin yayansa ne ya ratsa ta wurin. Ya daure ya sake zagayawa, ya ce a duba siton, yana zargin ruwa na yoyo a ƙasa.

Mai Yadi ya ce ya gane shi sarai, so yake ya leƙa ya ga yawan kayan da ke ciki, ido ya cinye su. Ya ce daga ranar kada ya ƙara taka masa ƙofa. Don ma ya nuna ya isa, sai ya ƙara wa siton kwaɗo na biyu.

Siton ba taga, ba kafa, bandir-bandir ɗin yadi jibge a ƙasa, jingine da bango. Na bakin ƙofa ake ɗiba, na ciki ba wanda ya taɓa.

Sai da wani tela ya nemi farin yadi mai yawa na kayan 'yan makaranta aka shiga can ciki. Mai Yadi ya ja bandir na farko ya ji shi sanyi ƙalau. Da ya warware, fari ya koma kore da baƙi kamar an yi masa zane. Na ƙasa kuwa yana ɗagawa yana yagewa a hannunsa. Telan ya toshe hanci ya tafi wani shagon.

Ko a nan Mai Yadi bai sauko ba. Ya fito layi yana cewa ruwan ƙazantar gidan Auta ne ya cinye masa dukiya. Ya kira Baffa, ya kira maƙwabta, ya ɗauko mai gyaran famfo da kansa don a yi shaida a gaban kowa.

Mai gyaran ya rufe famfon tankin Mai Yadi, ya ɗaga sumintin ƙasan siton. Ga bututun nan a tsage, nauyin ginin ne ya danne shi tun farko. Baffa ya dubi Mai Yadi kawai, ya girgiza kai.

Mai gyaran ya ƙara da cewa mahaɗar bututun ta shige ƙarƙashin bango, hannu ba zai kai ba sai ta cikin banɗakin Auta. In ba haka ba, a rushe siton gaba ɗaya. Auta kuwa ya fita da mota tun safe, matarsa ce kaɗai a gida.

Mai Yadi ya zagaya, maƙwabta na biye da shi da ido. Ya tsaya a ƙofar gidan Auta ya yi sallama, muryarsa can ƙasa. Sai da ya maimaita kafin ta fito. Ya yi ta kame-kame, da ƙyar ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ta saurare shi har ya gama, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ta matsa gefe ta ba su hanya, shi da mai gyaran.

Ya ɗaga ƙafa zai shiga, ta ce, "Yaya, a cire takalmi. Yanzu na goge wurin."

Ya sunkuya a gaban mutane ya cire.

Darasi: Wanda ya toshe wa ɗan'uwansa iska don ya nuna isa, a gidansa ɓarnar za ta fara, kuma girman kai ba zai bar shi ya ji gargaɗi ba sai ya yi asara. Kada ka yi saurin kiran mutum ƙazami alhali ba ka san abin da yake fama da shi ba. Fumfuna kuma danshi take bi: a ba banɗaki iska, a busar da shi, a gyara yoyo da wuri. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, musamman waɗanda kuke haɗa bango da su.