Hayaƙin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta.

Kura ce ta kama sana'ar babbake kawunan shanu da tsofaffin tayoyi. Kullum baƙin hayaƙi na turnuƙewa sama.

Rannan Shamuwa ta sauko tana tari, ta ce, "Yaya Kura, hayaƙin nan ya ishe mu."

Kura ta ce, "Sama gonar ubanki ce? Can yake tafiya ya ɓace."

"Wallahi ba ya ɓacewa. Ni nake zuwa can. Sama kamar rufin ɗaki take, yana nan yana taruwa."

Kura ta ƙyalƙyale da dariya, ta ƙara taya.

Ana nan, sai ɗan autan Kura ya kama tari, numfashinsa na sarƙewa. Hankalinta ya tashi, ta sungume shi ta ruga wurin Shamuwa.

"Ƙanwata, ki yi wa Allah, ina iska mai kyau take in kai shi?"

Shamuwa ta ce, "Na je gabas, na je yamma. Yaya, ɗakin ɗaya ne."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.